Ƙofa Mai Lamba 22

Daren Laraba a Maigatari ba na barci ba ne. Tun kafin magariba manyan motoci suke fara jeruwa a bakin kasuwa, shanu da raƙuman da aka koro daga Jamhuriyar Nijar suna kwance a kara suna tuƙa, masu shayi sun hura wuta, dillalai kuma suna ta kai da kawo da fitilar waya a hannu, domin gobe Alhamis, ranar da kasuwar take ci. A irin wannan dare ne, cikin hunturun bayan kaka, lokacin da buhunan zoɓo da na riɗi suka cika rumfuna, wani saurayi ya kulle kansa a waje da hannunsa. Yana zaune a kan tabarma a ɗakin abokinsa, kwamfuta a cinya, ƙofar da ya rufe kuwa tana can Gumel, kilomita 20 da 'yan kai daga inda yake.

Mutanen yankin Injiniya suke ce masa, ko da yake takardarsa ba ta injiniya ba ce. Difloma ya yi a cibiyar koyar da kwamfuta ta Kazaure, wadda aka kafa a zamanin Gwamna Saminu Turaki, sa'ad da Jihar Jigawa ta yi suna wajen zuba kuɗi a harkar sadarwar zamani. Da ya dawo gida ya yi gyaran waya, ya yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, har wata ƙungiyar manoma da 'yan kasuwa ta ɗauke shi ya riƙe mata lissafi. 'Yan ƙungiyar suna warwatse a ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Manomi yakan kai buhunansa wurin wakili a ƙauyensu, a auna, a rubuta, sannan ranar Alhamis, bayan masu saye daga Kano sun biya, ya zo Maigatari ya karɓi kuɗinsa. A da, littattafai huɗu ake riƙewa, kowane gari da nasa, kuma da wuya a yi makon da huɗun suka yi daidai da juna. Injiniya ya haɗe su wuri guda. Wakili ya rubuta a wayarsa a Gagarawa, nan take mai biyan kuɗi ya gani a Maigatari.

Wurin da lissafin yake kwana wata kwamfuta ce da ba ta da allo, ba ta da madannai, ba wanda yake zama a gabanta, aikinta kawai ta amsa kiran wayoyin wakilai dare da rana. Irinta ake kira saba. Tana cikin wani ƙaramin ɗaki a bayan ofishin ƙungiyar a Gumel, a kan batura da faifan sola. Tun farko Injiniya ya so a yi hayar saba a wajen manyan kamfanonin ƙasashen waje, kamar yadda yawancin masu sana'arsa suke yi, dattawa suka ƙi. Hujjarsu ita ce lissafin dukiyarsu ba zai kwana a garin da ba su sani ba. Daga baya, da darajar naira ta zube bayan an saki farashin dala a watan Yunin 2023, shi kansa ya daina ganin ƙin nasu a matsayin ƙauyanci, domin da dala ake biyan hayar. Dattawan dai ba su tsaya nan ba. Sun sa wa ƙofar ɗakin kwaɗo biyu, mukulli ɗaya a hannun shugaba, ɗaya a hannun ma'aji, don kada mutum guda ya shiga shi kaɗai ya taɓa lissafi. Injiniya bai damu ba. Yana da tasa hanyar shiga, wadda ba ta bi ta ƙofar katako.

Duk kwamfutar da take kan intanet tana da ƙofofi masu lamba, fiye da 65,000, kowane aiki da ƙofar da aka saba yi masa. Shafukan intanet ta ƙofa mai lamba 80 da mai lamba 443 suke fita, kuma ta nan wayoyin wakilai suke shiga. Mai kula da saba kuwa ta ƙofa mai lamba 22 yake shiga, da wata manhaja da ake kira SSH, wadda take ba shi damar ba da umarni daga nesa tamkar yana zaune a gaban na'urar. Saboda ƙofofin sun yi yawa, kuma ɓarayin intanet ba sa barci, ake gina katangar tsaro. Ba katanga ba ce ta tubali, jerin ƙa'idoji ne da saba take karantawa daga sama zuwa ƙasa duk sa'ad da wani ya ƙwanƙwasa: in ta tarar da ƙa'idar da ta ce a bar shi, ya shiga, in kuwa ta kai ƙarshen jerin ba ta samu ba, sai ta bi hukuncin asali. Kowane ma'aikaci mai hankali hukuncin asali ɗaya yake sawa, wato a hana kowa.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar da ta san ganuwa. Gumel ta sha yaƙi da Haɗeja da hare-haren Damagaram a ƙarni na 19, kuma biranen wancan zamani da katanga da ƙofa suke kare kansu. A Kano har yau akwai sarautar Sarkin Ƙofa, da sunayen ƙofofi irin su Ƙofar Nasarawa da Ƙofar Mata da Ƙofar Mazugal. Amma akwai bambanci guda da ya kamata a lura da shi. A da, Sarkin Ƙofa a gindin ƙofarsa yake zaune, daga ciki yake tura ƙyaure. Mai tsaron saba kusan kullum daga waje yake rufe tasa ƙofar, yana tsaye a cikin taron waɗanda yake son hanawa, ba abin da ya raba shi da su sai layi ɗaya a cikin jerin ƙa'idoji.

Abin da ya zaunar da Injiniya a daren nan ƙaramin aiki ne. Saba tana da takardar shaida ta lantarki, wadda take tabbatar wa wayoyi cewa da gidan gaskiya suke magana, ba da ɗan damfara ba. Irin wadda yake amfani da ita, ta Let's Encrypt, kyauta ake bayarwa, amma kwana 90 take yi ta mutu. Ya kamata a ce tana sabunta kanta. Tun da ƙungiyar ta sauya layin intanet wannan tsari ya tsaya, shi kuma, maimakon ya bincika dalili, sai ya riƙa sabunta ta da hannu duk wata uku, yana cewa zai duba in ya samu sarari. Ta wannan karon za ta mutu gobe da misalin ƙarfe 10 na safe. Aikin minti biyu ne. Da ya shiga bayan sallar isha'i, sai ya ga sanarwar cewa akwai sababbin gyare-gyaren tsaro na tsarin Linux da saba take aiki da shi, sun daɗe suna jira. Ya ce bari ya fara da su, tunda ya riga ya zauna. Ya sauke su, ya umarci saba ta mutu ta sake tashi, ya miƙa hannu ya ɗauki kofin shayinsa.

Ta tashi, amma ba ta ƙara amsa masa ba.

Ya sake ƙwanƙwasawa, shiru. Ya kashe datar wayarsa ya kunna, ya ari wayar abokinsa mai layin wani kamfanin, ya fita tsakar gida inda sabis ya fi ƙarfi, duk dai shiru. Ya gwada shafin gudanarwa, wanda yake kan wata ƙofar dabam, shi ma a rufe. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne da ya buɗe manhajar wakilai, sai ta buɗe lafiya lau, ga sunayen manoma, ga buhuna, ga jimilla. Da saba mutuwa ta yi, da ya san abin da zai gaya wa mutane. Tana nan da ranta, tana yi wa kowa hidima, mutum ɗaya ne a duniya ta hana shiga, shi ne mai kula da ita.

Sai washegari ya ga ainihin abin da ya faru, amma tun a daren ya yi hasashe, kuma bai yi nisa da gaskiya ba. Ƙa'idar da take buɗe ƙofa ta 22 ba mai sauƙi ba ce kamar sauran. Shi da kansa ya ƙara mata sharaɗi: a ƙirga masu ƙwanƙwasawa, duk wanda ya buga sau 6 cikin daƙiƙa 30 a kore shi, domin alamar mai gwada mukullai ce. Shafin gudanarwa ma a ƙarƙashin wannan sharaɗi ya sa shi. Wani ɗan ɓangare na tsarin ne yake yin ƙirgar, kuma a cikin sabon zubin da ya sauke, ɓangaren bai tashi ba. Da katanga ta zo karanta jerinta, ta rufe komai kamar yadda aka umarce ta, ta buɗe 80, ta buɗe 443, ta iso layin 22 ta ga tana buƙatar abin da babu, sai ta tsallake shi ta wuce, ba ta tsaya ba, ba ta yi ƙara ba. Aibin manhajar ke nan, kuma ba nasa ba ne. Nasa laifin dabam yake: ya bar aikin gaggawa ya fara da wanda zai iya jira, ya kuma taɓa katanga a daren kasuwa, daga nesa, ba tare da ya tanadi hanyar dawowa ba.

In takardar shaidar ta mutu, wayoyin wakilai za su ƙi magana da saba, haka aka gina su. Ƙarfe 10 kuwa shi ne lokacin da manoma suke fara taruwa a gaban rumfar biya. Wanda ya yi sammako daga wani ƙauyen Sule Tankarkar, ya biya kuɗin mota, yana da bashin taki a wuyansa da alkawarin kayan ɗakin 'yarsa, ba za a ce masa ya dawo wata Alhamis ba saboda wata takarda da ba ya iya gani ta mutu. In kuma aka biya bisa ƙwaƙwalwa da 'yan takardun aljihu, an koma rigimar da aka gudu daga gare ta. Akwai kuma abin da ya fi kuɗi nauyi. Shugaban ƙungiyar shi ya tsaya kai da fata aka bar littattafai, ma'aji kuwa bai taɓa ɓoye cewa bai yarda da lissafin da ba ya iya shafawa da hannu ba. Duk abin da zai faru gobe, a fuskar shugaban zai faru.

Irin wannan kulle kai ba ciwon ƙananan ma'aikata kaɗai ba ne. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, daga la'asar zuwa cikin dare a agogon Nijeriya, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace daga intanet na kusan awa shida. Bayanin da kamfanin ya fitar ya ce wani umarni ne da aka bayar yayin aikin kulawa na yau da kullum ya yanke hanyoyin da suka haɗa cibiyoyinsa, kuma manhajar da aka ɗora wa alhakin tare irin wannan umarni tana da aibi, ba ta tare shi ba. Kayan aikin da injiniyoyinsu za su yi gyara da su a kan hanyoyin da suka yanke suke, don haka dole aka tura mutane da ƙafarsu zuwa inda na'urorin suke. A can ma suka ɓata lokaci, domin an gina wuraren ne musamman don shigarsu ta yi wuya. Injiniya ya san wannan labari, ya ma taɓa ba wa abokansa shi yana dariya.

Kafin ya kira kowa, sai da ya yi awa guda yana ƙoƙarin fasa gidansa. Tunda ƙofa ta 443 a buɗe take, ya nemi wata kafa da zai zura umarni ta cikinta. Ya tuna akwai wani gurbi a wurin da wakilai suke ɗora hoton rasiɗi, wanda mai wayo zai iya bi ya kai ga cikin saba. Ya gwada, sai ya tuna shi ya toshe gurbin watanni biyu da suka wuce, kuma ya toshe shi da kyau. Duk inda ya taɓa, aikinsa mai kyau ne yake tare shi.

Ƙarfe 11 ta wuce ya kira shugaba, wanda yake Sule Tankarkar wajen zaman makokin wani surukinsa.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni da kiran dare. Yaya ƙarin haƙuri?"

"Alhamdu lillahi. Injiniya, lafiya dai?"

"Na'urar ce ta rufe ni a waje, ranka ya daɗe."

"Ta lalace ke nan?"

"Lafiyarta ƙalau. Ni ne ba na iya shiga."

Alhaji ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To, wa ya rufe ta?"

"Ni ne."

Bai yi faɗa ba. Ya ce zai ba ɗansa mukulli ya kawo Gumel a babur tun kafin asuba. Saura na ma'aji, wanda yake gidansa a Gagarawa. Injiniya ya yi ta juya maganar da zai faɗa, daga bisani ya kira, ya yi bayani, ya roƙi izinin a yanke kwaɗo na biyu da zarto a gaban shaidu, ya ce shi zai sayi sabo.

"Yaro," in ji ma'aji, "kwaɗon nan ba ni na sa shi ba, taro ne ya sa. Abin da taro ya ɗaura, ba ni kwance shi ta waya da tsakar dare. Ka jira ni. In Allah ya kai mu, ina idar da sallar asuba zan taso."

A lokacin Injiniya ya ji kamar mugunta ce. Amma dattijon ya fi shi gaskiya. Da a ce kiran waya ɗaya cikin dare, da muryar gaggawa, ya isa a yanke kwaɗon, to da tun farko kwaɗon ado ne. Ɗan damfara ma da gaggawa yake zuwa, shi ma yakan ce lokaci zai ƙure. Ma'aji ya yi abin da katangar saba ta yi: bai ga ƙa'idar da ta ce a buɗe ba, ya bi hukuncin asali. Bambancinsu kawai, shi ya ce zai zo.

Injiniya ya hau baburinsa ya kama hanyar Gumel cikin sanyi, yana tsayawa a shingayen jami'an tsaro yana amsa tambaya. Hanyar nan ta san rufe ƙofa fiye da yawancin hanyoyin ƙasar. A watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu don hana fasa-ƙwauri, musamman na shinkafa da man fetur. A watan Nuwamban shekarar aka ƙara da hana kai mai ga gidajen man da suke cikin kilomita 20 daga iyaka. Da masu tsallaka mai zuwa waje ake, amma Maigatari a bakin iyaka take, don haka ɗan acaɓa da mai injin niƙa da mai janareta, 'yan ƙasa a cikin ƙasarsu, su ne suka wayi gari ba inda za su sayi mai, har kamfanonin waya suka yi kukan cewa turakun sabis na yankunan iyaka za su rasa gas. Sai ranar 16 ga Disamba, 2020 aka buɗe iyakoki huɗu, Seme da Illela da Mfum da ita Maigatari. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023 aka sake rufewa, har zuwa watan Maris na 2024. A dukan lokutan nan mutane ba su daina rayuwa ba. Ƙofa tana rufe, 'yan uwa na ɓangarorin biyu suna bi ta gonaki da jeji, a babur da amalanke, su je suna da biki da jana'iza, wasu kuma su je abin da ba suna ba ne.

A Gumel ya kwana a kan benci tare da maigadi, wani tsoho da ya raba masa bargo. Ta jikin ƙofa yana jin ƙugin fankar saba, taku uku tsakaninsu. Ɗan Alhaji ya iso da mukulli kafin kiran sallah. Ma'aji kuwa sai ƙarfe 8 saura ya sauka daga mota, da ƙurar hanya a gemunsa, da tsohon littafin lissafi na Gagarawa a hammata. Bai ce komai game da littafin ba, ba wanda kuma ya tambaye shi.

Aka buɗe kwaɗo biyu, sai wata matsalar ta bayyana: allon da ake ajiyewa a ɗakin an are shi tun bara ba a dawo da shi ba. Maigadi ya ruga gidan kallon ƙwallo na maƙwabta, ya tashi mai gidan daga barci, suka ɗauko talabijin da wayarta. Injiniya ya busa ƙurar hunturu daga madannai, ya haɗa, ya shiga. Ya umarci katanga ta nuna jerinta. Ga 80, ga 443, inda 22 ya kamata ta kasance babu komai. Ya gwada ɗora layin da hannu, saba ta mayar masa da amsa mai layi ɗaya, cewa ba ta sami abin ƙirgar ba. Agogo ya nuna ƙarfe 9 saura kwata.

A nan ne zuciyar mai sana'a take jan sa ya bi diddigin aibin har gindinsa, ya gano me ya hana ɓangaren tashi, ya gyara shi yadda ya dace. Wannan zai iya cin minti 10, zai kuma iya cin yini. Ya ƙyale shi. Da farko ya sabunta takardar shaida, aikin da ya kamata ya fara da shi jiya, ta karɓu cikin minti biyu kamar yadda ya sani. Sannan ya rubuta sabuwar ƙa'ida mai sauƙi wadda take buɗe 22 ba tare da wata ƙirga ba, ya ɗora ta a saman jerin, yadda ko wane layi ya faɗi a ƙasa ba zai tafi da ita ba. Tunda ya cire mai korar masu gwada mukullai, sai ya hana shiga da kalmar sirri kwata-kwata, ya bar mukullin lantarki da yake cikin kwamfutarsa kaɗai. Shafin gudanarwa ya bar shi a rufe. Daga ƙarshe ya ɗaura wa katangar igiya: duk sa'ad da aka sauya ƙa'idojinta, ta jira minti 5, in mai sauyawar bai dawo ya tabbatar ba, ta koma kan tsofaffin da kanta. Dabarar ba tasa ba ce. Na'urorin Juniper suna da umarnin da yake warware sauyi bayan minti 10 in ba a tabbatar ba, na MikroTik kuma, waɗanda suka yi yawa a cibiyoyin intanet na Nijeriya, suna da yanayin da yake soke abin da aka yi in layin mai aiki ya tsinke. Ya san da su tun yana makaranta. Bai taɓa ganin zai buƙace su a ɗakin bayan ofis a Gumel ba.

Bai yarda da idonsa ba sai da ya fita waje, ya tsaya a rana, ya shiga ta datar wayarsa kamar yana Maigatari, ya kashe saba ya sake tayar da ita, ya sake shiga. Ta amsa.

Ma'aji yana zaune a kan kujera duk tsawon lokacin, littafinsa a cinya.

"Ka gyara?"

"Ban gyara ba, Baba Ma'aji. Na kewaye."

"Kamar yaya?"

"Ƙofar da mai gadi a bakinta ta ƙi buɗuwa. Na huda wata a gefe, na sa mata mukulli mai ƙarfi, amma ba mai gadi."

Dattijon ya gyaɗa kai. Mutumin da ya yi shekara 40 yana fatauci tsakanin Gumel da Damagaram ba ya buƙatar a fassara masa kewaye. "Hanyar gona ke nan," in ji shi. "To, ita hanyar gona, kai kaɗai ka san ta?"

Tambayar ta fi ƙarfin amsar da Injiniya yake da ita. Kewaye yana da hali guda a ko'ina: ana yin sa don yau, sai ya zauna. Sabunta takardar shaida da hannu ma kewaye ne na mako ɗaya da ya shekara, kuma shi ya zaunar da shi a gaban kwamfuta daren jiya. Hanyoyin jejin da aka bi lokacin da iyaka take rufe ba su toshe ba don an ɗaga shinge. Kuma ƙofar da ba mai gadi ba ta ɓoyuwa a intanet. Kafin azahar, da ya leƙa rajistar saba, ya tarar da jerin baƙin da suka ƙwanƙwasa ta 22 daga adireshin ƙasashen da bai taɓa zuwa ba, na'urori ne masu yawo suna taɓa kowace ƙofa a duniya, suna gwada sunaye da kalmomin sirri. Ba wanda ya shiga, tunda an daina karɓar kalmar sirri. Amma a da akwai mai korarsu, yanzu suna tsaye suna bugawa yadda suka ga dama.

A Maigatari an fara biya ƙarfe 10 da 'yan mintuna. Ba manomin da ya san an yi wani abu. Alhaji ya kira da yamma, ya yi godiya a taƙaice, ya ce daga yau kada a ƙara taɓa na'urar daga Talata zuwa Juma'a, sannan a sayi allo a ɗaure shi da sarƙa.

Kafin a mayar da kwaɗuna, ma'aji ya buɗe tsohon littafinsa a shafin ƙarshe da aka rubuta, ya ja layi, ya sa kwanan wata. Ya tambayi lambar ƙofar, aka gaya masa. Ya rubuta da ajami cewa an buɗe ƙofa ta 22 ba mai gadi, a hannun Injiniya, ba a rufe ba. Ya miƙa masa biro ya sa hannu, kamar yadda ake yi wa wanda ya karɓi bashi.

Bayan makonni masu tsarin suka fitar da gyara, ɓangaren ƙirga ya dawo aiki. Injiniya ya gani, ya ce zai mayar da tsohuwar ƙa'ida in kakar zoɓo ta wuce. Kaka ta wuce, azumi ya zo, aka shiga hidimar taki da iri. A kowane taron wata, bayan an karanta kuɗin shiga da na fita da sunayen masu bashi, ma'aji yakan juya shafi, ya ɗaga kai ya nemi Injiniya a cikin mutane.

"Ƙofar nan fa?"

A taro na biyar ne, wata Asabar da ba kasuwa, Injiniya ya ce a ba shi mukullai biyu da rabin awa, ya kuma roƙi Baba Ma'aji ya zo da littafin.